Na'urar ICD a ƙirji: abin da take yi da abin da ba ta yi

Na'urar da likitoci ke kira ICD, wadda ake dasawa ƙarƙashin fata a saman ƙirji domin ta dawo da zuciya kan hanya idan bugunta ya rikice, ba irin kayan da mutum ke gwadawa ya mayar ba ce idan ba ta yi masa ba. Shekaru ke nan ina ɗauke da ita, kuma ra'ayina shi ne tana cika aikin da aka ƙera ta dominsa, amma wanda ya sa ran za ta warkar masa da ciwon zuciya ya ɗora mata nauyin da ba nata ba.

An ba ni shawarar sanya ta ne bayan gwaji ya nuna cewa zuciyata ba ta tura fiye da kashi 35 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, wanda shi ne mizanin da likitocin zuciya suka fi dogara da shi. Mai irin wannan rauni yana cikin haɗarin bugu mai tsananin sauri wanda kan kashe cikin mintuna. A nan ta bambanta da na'urar daidaita bugu ta yau da kullum, wadda aka fara dasawa a Suwidin a 1958, wadda aikinta zaburar da zuciya mai jinkiri. Ita ICD, da aka fara dasawa a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1980 bisa ƙoƙarin Dakta Michel Mirowski, tana yin wancan aikin, sannan tana iya sakin shokin lantarki mai ƙarfi idan rai ya shiga haɗari.

Aikin dasawar bai ba ni wahala ba. An yi mini allurar kashe zafi da maganin sa barci kaɗan, aka zura siririyar waya ta jijiyar jini har cikin zuciya, aka haɗa ta da na'urar. Abin da ya fi takura ni shi ne makonnin da aka hana ni ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa, don kada wayar ta goce kafin ta kama.

Batun shokin ne ya kamata duk mai tunanin sanya ta ya tsaya a kansa sosai. Sau da yawa na'urar takan fara da ƙananan zaburarwa masu sauri waɗanda ba a ko ji, kuma sukan wadatar. Sai likita ya duba bayanan da ta adana kafin mutum ya san an yi wani abu. Idan hakan ya gaza ne take sakin shokin. Ya taɓa same ni ina tsaye ina wanke hannu, na ji kamar doki ya harbe ni a ƙirji, kafin in ankara kuwa har ya wuce. Zafin na ƙiftawar ido ne, amma fargabar ta daɗe, domin na yi makonni ina tsoron hawa bene da yin wanka ƙofa a kulle. Haka kuma na'urar kan yi kuskure ta ɗauki bugu mai sauri marar haɗari a matsayin mai haɗari, ko da yake gyara saitinta da daidaita magunguna na rage hakan. A ganina, bayanin da ake yi wa marasa lafiya kan wannan fargaba bai kai yadda ya kamata ba.

Dokokin yau da kullum ba su da yawa. Ana nesanta wayar salula da duk wani maganaɗisu mai ƙarfi daga na'urar da aƙalla santimita 15, saboda haka na daina sa waya a aljihun ƙirji. Ana guje wa waldar lantarki, ana nuna katin na'urar ga jami'an bincike a filin jirgin sama, kuma yawancin sababbin samfura sun dace da hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu mai ƙarfi, muddin an shirya su tukuna. Ƙa'idar tuƙi kuwa ta danganta da ƙasa da kuma dalilin sanyawar.

Na'urar sa ido da ake ajiyewa kusa da gado, wadda ke aika bayanai zuwa asibiti, ta rage mini zirga-zirga, sai dai ba hanyar neman agajin gaggawa ba ce, kuma babu wanda ke zaune yana kallonta dare da rana. Batirin yakan yi shekara 5 zuwa 10, kuma ba shi kaɗai ake sauyawa ba, sai an sake buɗe fatar an sauya na'urar gaba ɗaya, tare da haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta a kowane karo. Wayar da ke cikin jijiya ita ce sashe mafi rauni, cire tsohuwa kuwa aiki ne babba.

Ina ba da shawarar sanya ta ga wanda likitan zuciya ya tabbatar yana cikin haɗarin mutuwar farat ɗaya, bisa sharaɗin ya ci gaba da shan magungunansa, domin kasala da kumburin ƙafa ba su gushe mini saboda ita ba. Kafin ya sa hannu a takarda, ya tambayi ko samfurin da ake shimfiɗa wayarsa ƙarƙashin fata ba tare da an shiga jijiya ba zai dace da shi. Ya kuma tambayi yadda ake kashe sashen shokin idan tsufa ko wata cuta ta kai inda ba a buƙatarsa, domin ana yin hakan daga waje ba tare da tiyata ba, kuma ya fi kyau iyali su san matsayinsa tun yana da lafiyar faɗa.