Makunnin ƙofar inji: mai yanke wuta kawai, ko mai riƙe ƙofar?

Alhaji, ka ce mai haɗa muku wuta ya kawo makunnin ƙofa iri biyu don injin niƙanku na Kura, ɗaya ya fi tsada nesa ba kusa ba, kana tambayar wanda ya dace.

Mai arahar aikinsa ɗaya ne. Akwai ɗan harshen ƙarfe a jikin ƙofar. Da an buɗe sai ya zare daga makunnin, wuta ta yanke. Ya wadatar ga injin da ke tsayawa cak da an kashe shi.

To amma injin niƙa mai guduma ba haka yake ba. Ka kashe shi ka tsaya a gefe: kugi na nan, fuli na juyawa, bel na ta gudu. Yaron da ya ga dusa ta toshe, ga layin masu jira, ba zai tsaya ba, hannu zai zura. Don wannan aka yi mai tsadar: yana da sakata a ciki da ke riƙe ƙofar gam har inji ya gama juyawa. Abin da ISO 14119, ƙa'idar duniya kan makunnan ƙofar inji, ta tanada ke nan: muddin hannu zai iya riga inji tsayawa, sai an kulle.

Inda nake so ka buɗe ido sosai, Alhaji, shi ne masu kullewar ma kashi biyu ne, kuma a fuska kamarsu ɗaya. Wani wuta ce ke riƙe sakatarsa. KEDCO ta ɗauke, ko janareto ya mutu ana tsakiyar niƙa, nan take ƙofar ta saki alhali gudumomi na kan gudu. Ɗayan kuwa sifirin ke kulle shi, sai an ba shi wuta yake buɗewa. A wurinmu da ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare, ni ban ga abin shawara ba: mai sifirin za ka saya. Wanda wuta ke riƙe sakatarsa an fi sa shi don kare kayan da ake sarrafawa, ba don kare mutum ba.

Mai sifirin ma yana da tasa wahalar. In babu wuta ƙofar na kulle, sai an buɗe ta wurin da aka tanada don gaggawa, kuma wannan ya kasance a hannun babba ɗaya kawai. Sannan ba ya aiki shi kaɗai. Dole a haɗa shi da na'urar da ke gane tsayawar moto, ko mai ƙirga lokaci. Da yawansu da wuta mai ƙarfin bolt 24 suke aiki, a duba fanel ɗin wutar injin tukuna.

Kamfanonin Schmersal, Euchner, Pilz da Omron duk suna ƙera shi. Ka nemi mai alamar IP67, wato wanda ƙura da ruwa ba sa shigarsa, saboda ƙurar niƙa, a riƙa share ramin da harshen ke shiga. In kuma ƙofar ta kai girman da mutum zai shige gaba ɗaya, ka ce a kawo mai hannun buɗewa ta ciki.

Duk wani harshen safaya da ya shigo hannunka, ka kulle shi a ofis. Da shi yara ke soke makunnin su ci gaba da aiki ƙofa a buɗe.