Littafin karatu ko tambayoyin baya: wanne za a saya wa mai shirin JAMB?

Hajiya, kin ce ƙanenki zai zana jarrabawar JAMB, ta neman shiga jami'a, nan da wata uku, kuma kuɗin da ke hannunki ba za su isa littattafan darussa huɗu da kundin tambayoyin shekarun baya ba, sai dai ɗaya. A ganina ki sayi tambayoyin, littattafan kuma a aro wajen waɗanda suka gama bara.

Tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa ukun, maki 400 gaba ɗaya. In kin raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. Littafin karatu ba ya koyar da wannan saurin. Aikinsa bayani, ya nuna wa yaro dalilin da ya sa amsa ta zama haka, kuma a nan ba shi da na biyu. Sai dai an rubuta shi ne don karatun shekara uku na babbar sakandare. Wanda ya ce zai bi shi daga bango zuwa bango yanzu, ranar jarrabawa za ta riske shi bai kai tsakiya ba.

Tambayoyin baya kuwa suna nuna yadda hukumar JAMB ke murɗa tambaya, da batutuwan da take yawan komawa kansu, kuma nan take suke tona inda yaro ke da rauni. Amma suna da aibi. Yawancin na kasuwa 'yan kasuwa ne suka harhaɗa, kuma ana samun amsoshin kuskure a bayansu, musamman a lissafi da fiziks. Mafi muni, yara kan haddace cewa amsar kaza "C" ce, da an sauya alƙaluma sai ido ya raina fata.

Shi ya sa sai an haɗa su. Ƙanen naki ya soma da sauke manhajar karatun jarrabawar (silabas) daga shafin JAMB na intanet, kyauta ce, kuma ta jera batutuwan kowane darasi da littattafan da aka amince da su. A makon farko ya amsa tambayoyin shekara guda da agogo a gabansa, ba leƙen amsa. Duk batun da ya faɗi, shi zai buɗe a littafin aro. In ya kasa kawo ko 15 cikin 40 a wani darasi, to matsalar daga tushe take, littafin wannan darasin kam ki daure ki saya masa nasa.

Turanci yana da nasa sha'ani: akwai littafin labari da hukumar ke zaɓa, kuma takan sauya shi, don haka tambayoyin tsohon labari ɓata lokaci ne. Ya tabbatar da na bana.

Tun 2015 a kwamfuta ake jarrabawar baki ɗaya. In bai saba da ita ba, ki ware kuɗin jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta ainihi. Kuma kafin ki sayi komai, ya duba darussan da kwas ɗinsa ke buƙata. Mai neman likitanci, alal misali, fiziks da kemistiri da bayoloji zai haɗa da Turanci, babu lissafi a ciki.