Tukunya mai iska hawa biyu ko na'urar fesa yuriya?

Ɗan'uwa, tsakanin tukunyar dumama ruwa mai shigar da iska hawa biyu da na'urar fesa yuriya da aka tallata maka, in dai rage gurɓataccen hayaƙi kake nema, ɗauki ta farkon ka huta.

A ƙaramar tukunya mai cin pelet (ƙananan ƙwayoyin garin itace da aka matse), yawancin iskar NOx, wato gurɓatacciyar iskar da nitrojin ke zama idan ya haɗu da oksijin a wuta, daga nitrojin da ke cikin itacen kansa take fitowa, domin wutar ba ta cika kaiwa digiri 1,300 ba, inda nitrojin na iska ke fara ba da matsala. Shi ya sa mai hawa biyu ke burge ni, kuma irinta nake da ita. A ƙasa, inda pelet ke ci, ana rage wa wutar iska da gangan, sai akasarin nitrojin ɗin ya koma irin wanda muke shaƙa kullum, marar illa. Can sama kuma a sako sauran iskar ta ƙarasa cinye hayaƙin. Na'urar lambda da ke bakin bututu tana auna oksijin, tana daidaita fanka da kanta. Ranar da mai duba tukunya ya soka ma'auninsa a bututuna, lambar NOx ta tsaya ƙasa da miligiram 200 a kowace kyubik mita, wato iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa sababbin tukwanen itace tun 2020. Na leƙa ta ɗan gilashin, harshen wutar tsaf, ba baƙi ko kaɗan. Wallahi na ji daɗi.

Yuriya kuwa, wadda ake fesawa cikin hayaƙi don rage NOx, tana aiki ne a manyan tukwanen masana'antu. Tana son zafi tsakanin digiri 850 da 1,050, kuma ƙaramar tukunya mai kunnawa da mutuwa ba ta riƙe shi, sai warin amoniya ya biyo bututu.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayar da pelet. Wasu na cakuɗa ɓawon itace ko garin katakon kabad mai gam, wanda ke cike da nitrojin, su buga tambarin bogi na ENplus, wato shaidar ingancin pelet, a buhu. Pelet mai daraja ta ɗaya, wato A1, na gaskiya nitrojin ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, tokarsa kuma 0.7. Duba lambar rajistar kamfanin a jikin buhun, ka tabbatar tana shafin ENplus kafin ka biya. In pelet ɗin ya yi duhu, ko yana marmashewa a hannu, bar masa kayansa.