Kwalin aikin hannu na yara: na saya, ga abin da na gani

Wata baiwar Allah ce ke haɗa kwalin a nan Yamai, tana tallarsa ta WhatsApp, mai babur ya kawo miki har ƙofar gida. Jika 12 na biya, ban da kuɗin mai kawowa. Na saye shi a tsakiyar hutun damina saboda yarana uku: babbar tana CE2 (aji huɗu na firamare), mai bi mata yana CI (ajin farko), auta kuwa bai cika shekara uku ba. Mun yi ta amfani da shi har hunturu ya kama, don haka na ga halinsa a lokacin laima, na kuma gan shi a lokacin bushewa. A taƙaice, kwalin ya ci a saye shi sau ɗaya. Sau biyu kam ɓarnar kuɗi ce.

Duk mai yara a unguwar Bukoki ya san abin da ya kai ni ga sayensa. Hutu yana ja tun daga Yuli har Oktoba, in an yi ruwa layi ya zama tafki, da la'asar sauro ya karɓi gari, babu inda za a tura yaro. A 2024 ma da ambaliya ta yi ɓarna, sai da gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, muka ƙara makonni da su a ɗaka. Tele tana riƙe su har zuwa lokacin da kuran zai tafi, daga nan sai kowa ya dawo kan salular uwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allon waya ko tele. A gidana wani lokaci kafin azahar an ninka wannan.

A cikin kwalin akwai lakar wasa mai launi a ƙananan robobi, takardu masu launi, fentin ruwa da buroshi, gam, almakashi biyu, duwatsun ado da zaren roba, sai ɗan littafi mai hotuna da ke nuna yadda ake yin abubuwa.

Lakar ita yara suka fara rububi, ita ce kuma ta fara mutuwa. Kwaikwayon Play-Doh ce, babu sunan kamfani a jikinta. Irin wannan laka tushenta fulawa ce da gishiri da ruwa. Ita ta asalin, da aka fara sayarwa a matsayin kayan wasa a Amurka a 1956, da farko ma don goge baƙin hayaƙi daga takardar bangon ɗaki aka yi ta. To abin da ruwa ke riƙe da shi, ya zai yi da iskar Yamai? A damina ta yi laushi, ba laifi. Da buji ya fara kaɗawa, robar da aka manta a buɗe da safe, kafin magariba ta tsattsage. Murafen ma ba su kamawa sosai. In an ɗiga mata ruwa kaɗan aka murza tana dawowa, amma ba kamar da ba. Sannan duk yadda kika yi gargaɗi sai yaro ya cakuɗa ja da kore da shuɗi, a ƙarshe launi ɗaya za ki samu, ruwan ƙasa mai duhu, kowa ya ce ba shi ya haɗa ba.

Da ta ƙare ban koma wurin mai kwalin ba, na kwaɓa tawa: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri mai laushi, ruwa kofi 1 ko ƙasa da haka, ana zubawa kaɗan-kaɗan, da ɗan cokalin mai don kada ta kama hannu. Gishirin shi ke hana ta saurin lalacewa, shi ke kuma hana auta ci, don lasa ɗaya ya yi ya yamutsa fuska ya bar ta. Duk da haka a sa ido, gishiri mai yawa haka ba abin cikin ƙaramin yaro ba ne. Abin da na lura shi ne wannan ta gida halinta ya bambanta da na waccan. A hunturu abin da aka gina yana bushewa ƙarau ya yi tauri, har a shafa masa fenti. A damina gishirin yana jawo laima, raƙumin da aka gina jiya sai ki tarar ya yi gumi ya durƙusa. Sai an kai shi kusa da murhu bayan an sauke tukunya.

Wajen launi muka fi jin daɗi, kuma ba daga kwalin ya fito ba. Fentin da ke ciki ba shi da ƙarfi, ja yana fitowa kamar an wanke shi. Sai na jiƙa zoɓon da muke yin bisap da shi, ya yi kauri, na raba a kofi biyu. Na ce wa babbar ta matsa lemun tsami a ɗaya, ta ɗiga ruwan kanwa a ɗayan. Na lemun ya ƙara ja, ya yi haske. Na kanwar kuwa daidai inda ɗigon ya sauka ya fara duhu, ya bazu a hankali har kofin duka ya koma shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Ƙanenta ya leƙa ƙasan kofin yana neman inda jan ya shige. "Mama, a ƙara!" har kanwar miya ta kusa ƙarewa. Launin da ke cikin zoɓo haka yake, tsami na ja shi gefe ɗaya, kanwa na ja shi wani gefen. Kurkum ya ba mu rawaya, lalle ya ba mu ruwan ƙasa. Sai dai kurkum ba ya fita daga tufafi da sauƙi, a sa musu tsofaffin riguna.

Almakasan su ne abin da ya fi komai daraja a kwalin. Bakinsu a dunƙule yake, suna yanka takarda ba su yanka fata, kuma girmansu daidai hannun yaro. Ɗan CI ɗina da ke riƙe kireyo kamar muciya, yankan layi da da'ira ya gyara masa yatsu sosai, har mushensu ya ce rubutunsa a kaye ya fara zama kan layi. Buroshin ma yana nan bai zubar da gashi ba.

Gam ɗin bai kai ko'ina ba, ya daskare a bakin kwalba. Ƙaro na jiƙa a ruwan ɗumi ya kwana, irin wanda malamai ke sa wa tawada, kuma ya liƙe takarda fiye da shi. Na dala ashirin ya ishe mu aiki mai yawa.

Duwatsun ado su ne inda nake da ƙorafi na gaske. Sun yi kyau, babbar ta shirya abin hannu ta raba wa ƙawayenta, tana zama shiru tana ƙirga launi, uku ja ɗaya fari. Amma ƙanana ne ƙwarai, kuma ba a rubuta gargaɗin komai a jikin kwalin ba. Kayan wasan da aka yi bisa ƙa'ida suna ɗauke da alamar nan ta fuskar jariri da aka soke da jan layi, an rubuta 0-3, ma'ana kada a ba wanda bai kai shekara uku ba, saboda yana iya haɗiyewa ko ya cusa a hanci. Gidajenmu kuwa wane ne babu mai rarrafe a ciki? Na faɗa wa mai kwalin. Ta ce, "Wallahi Hajiya gaskiyarki, zan riƙa sa su a leda daban da rubutu." Ta karɓi maganar da mutunci, wannan na yaba mata. A wurina dai duwatsu ba su fitowa sai auta ya yi barci, kuma a cikin faranti mai zurfi ake aikin.

Littafin da Faransanci yake, hotunan sun fito sarai, yaro na iya bi ko bai iya karatu ba. Matsalarsa daga waje aka kwaso shi dungurungum: mutumin ƙanƙara, bishiyar Kirsimeti, da dabbobin da yarana ba su taɓa gani ba. Babu raƙumi, babu raƙumin dawan Kure da ke nan kusa da mu, babu ko rumbu. Da kakarsu ta zo daga Tawa ta duba shafukan, ta ce a nemo mata karan dawa. Ta ɓare bayansa siri-siri, ta yanka farin cikin gunduwa-gunduwa, ta riƙa soka ɓawon a ciki, sai ga tabarau, sai ga gado, sai ga mota da ƙafafu huɗu. Yaran suka ɗauko fenti da almakashin kwalin suka ƙarasa adon. Da mai kwalin za ta ƙara shafuka kaɗan na irin wannan, da damin kaba na saƙar ƙaramin faifai, da kayanta sun fi haka nisa. Masu aikin hannu suna nan a Wadata da gidan tarihi na Boubou Hama, ba za ta rasa wanda zai nuna mata ba.

A tallar an ce yara za su shagala su bar uwa ta huta. Ga babbar haka ne, tana iya ɗaukar awa guda ita kaɗai. Ɗan CI sai an zauna an fara masa, in kin tashi da wuri ya biyo ki madafa da gam a hannu. Auta kuwa aikinsa rushe ginin ƴan uwansa. Kuma akwai shara: guntayen takarda har ƙarƙashin gado. Tabarmar leda nake shimfiɗa musu, in an gama a naɗe a kakkaɓe, kuma wanda bai kwashe ba gobe babu shi a wasa.

Mai yara daga shekara biyar zuwa goma, wadda ba ta da lokacin yawon haɗa kaya ɗaya-ɗaya, ta saya, zai yi mata amfani. Wadda manyan yaranta ba su wuce shekara uku ba ta dakata tukuna. In kayan ciki sun ƙare, duwatsu da zaren roba da takarda mai launi duk akwai su a Babbar Kasuwa, kwalaye kuma a kasuwar Katako ko wurin mai butik na unguwa, sau da yawa kyauta. Cikon da na yi na ƙarshe bai kai jika 3 ba, har da ƙaro da fulawa.