Batirin Energy Warehouse na ESS: arharsa da matsalarsa duk a ruwan batir suke

Energy Warehouse batir ne mai girman kwantena ƙafa 40, wanda kamfanin ESS na jihar Oregon a Amurka ya ƙera don adana wutar sola da ta iska na sa'o'i masu yawa. Babu litiyom a cikinsa, babu banadiyom, sinadarin da wasu batura masu ruwa irinsa ke amfani da shi. Ruwan batirinsa kulorayid na ƙarfe ne da gishiri da ruwa, famfo yana zagayawa da shi daga tanki zuwa jerin faranti. Ba ya kama wuta, kuma kayan haɗinsa ba su da tsada. Wannan yabo ya cancance shi.

Lokacin caji, narkakken ƙarfe yana kwanciya ya daskare a farantin negatif, a ɗaya ɓangaren kuma narkakken ƙarfe nau'in Fe2+ yana sakin lantarki ya koma nau'in Fe3+. Kowane ɗakin batir, wato farantin negatif da kishiyarsa, yana ba da bolt 1.21. Masu bincike Hruska da Savinell sun bayyana wannan tsari tun 1981, amma ya daɗe bai shiga kasuwa ba saboda abu ɗaya: tsamin ruwan ba ya tsayawa wuri guda.

Idan ruwan ya yi tsami sosai, wani kaso na wutar cajin yana tafiya wajen fitar da iskar haidirojin maimakon kwantar da ƙarfe. Fitar iskar kuma tana rage tsamin. Da zarar pH, wato ma'aunin da ke hawa idan tsami ya ragu, ya haura 3 zuwa 4, Fe3+ da ya tsallako tantanin da ke raba ɓangarorin biyu sai ya zama gari ja kamar tsatsa, ya toshe tantanin, ya rage ƙarfin batir. Maganin ESS shi ne na'urar da suke kira Proton Pump: tana tattara haidirojin ɗin, ta haɗa shi da Fe3+, tsamin ya dawo cikin ruwa, ɓangarorin biyu su daidaita. Dabara ce mai kyau, kuma ita ce zuciyar kayan. Sai dai ƙarin famfo da bututu da na'urar auna pH ne, kowanne yana cin wuta, kowanne yana iya lalacewa.

Shi ya sa a cikin wutar da aka zuba, kusan kashi 70 cikin 100 ke dawowa, litiyom kuwa yakan haura 85. Dole mai saye ya ƙara yawan farantan sola don cike giɓin. Wani abin da 'yan talla ba su cika faɗa ba: tunda ƙarfen a kan faranti yake taruwa, ƙara girman tanki kaɗai ba ya ƙara sa'o'in ajiya yadda yake yi a batirin banadiyom.

Zafi kuwa bai dame shi ba, hasali ma ruwa mai ɗumi ya fi kwantar da ƙarfe da kyau. Ga wurare irin Sakkwato ko Maraɗi, inda batirin litiyom ke buƙatar sanyaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kamfanin yana cewa batirin zai kai shekara 25. Kafin a sa hannu, a tambayi wa zai zo gyaran famfo da tantani, domin ESS ya shiga matsin kuɗi a 2025. Ga ƙaramar tashar sola ta ƙauye ko masana'anta mai injiniyanta a kusa, ya dace a duba shi. Ga gida ko shago, bai dace ba.