Fulin da bakanike ya ƙi ɗaura mini a Amurka

'Yan uwa, shekara shida ke nan ina Amurka, amma ban taɓa jin kunya irin ta wata ranar Asabar a watan jiya ba, a gaban kantar wani gareji, ga mutum huɗu zaune a bayana suna jiran motocinsu. Waɗanda suka san ni sun san yadda nake son mota. Ina da Nissan 350Z ƙirar 2004, mai inji V6 lita 3.5. Na saye ta ta riga ta sha hannu, na yi ta yi mata aiki kaɗan-kaɗan: na sauya salansa, na sauya hanyar shan iska, na sa mata filawil (faifan ƙarfen da ke bayan inji) mara nauyi, aka kuma sake saita kwamfutar injin. Abin da ya rage a raina shi ne fulin karanshaf, wato faifan da ke gaban inji a bakin sandar da fistin ke juyawa, wanda ke jan fambel. Na ga wani a intanet, na alminiyam zalla, ja wur, an rarake shi gwanin kyau. Masu sayarwa sun ce ya fi na kamfani rashin nauyi nesa ba kusa ba, kuma ya ɗan fi shi ƙanƙanta, saboda haka inji zai samu ƙarin ƙarfi. Na haɗa da rola biyu, ƙananan faifan da fambel ke bi ta kansu, masu launi ɗaya da shi, na yi oda.

Mai garejin dattijo ne, furfura har gira. Ya buɗe kwalin, ya ɗora fulin a tafin hannu, ya juya shi gaba da baya, sannan ya tambaye ni wane irin filawil ne a motar. Ina faɗa masa, sai ya mayar da fulin cikin kwali ya turo mini, ya ce: "Wannan ba zan ɗaura shi a motar nan ba. In kana so, ka kai wani wuri."

Zuciya ta zo mini wuya. Motata ce, kayana ne, kuɗina ne. Na gaya masa haka, muryata har ta ɗan tashi, na ji mutanen da ke bayana sun yi tsit. Shi kuwa ko gezau. Ya ce duk aikin da ya fita daga ƙofar nan sunansa ne a kan takardar, kuma ba ya son ganina bayan wata shida an jawo motata da inji a kwance. Daga nan ya shige ciki. Na zaci maganar ta ƙare ke nan, har na ɗauki kwalina, sai ga shi ya dawo da wani tsohon fuli da aka yanka biyu da zarto.

A nan na ga abin da na shekara ashirin ina kallo daga waje ban san cikinsa ba. Fulin karanshaf na kamfani ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ne. Akwai cibiya wadda ke zama a bakin karanshaf, akwai zoben ƙarfe mai nauyi a waje inda fambel ke bi, a tsakaninsu kuma an matse baƙar roba. Ya rataya wani cikakken fuli irin wannan a yatsa ya buga shi da sufana, ƙarar ta mutu nan take, kamar ka bugi buhun yashi. Ya ɗauki nawa ja ya buga, ya yi ta ƙara kamar ƙararrawa har sai da ya dafe shi. Ya ce mini abin da na ji da kunnena shi ne bayanin gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake. Duk sa'ad da wuta ta tashi a kan fistin, tana dukan karanshaf ne ta murɗa shi kaɗan, kamar yadda ake matse wanki, sannan ƙarfen ya warware ya dawo. Inji mai fistin shida yana tashin wuta sau uku a kowane juyi ɗaya. Idan yana juyi 6,000 a minti, bugu 18,000 ke nan, wato 300 a kowace daƙiƙa. Akwai wani gudu da idan aka kai shi, dukan yakan zo daidai da rawar da shi ƙarfen ke yi, murɗawar ta yi ta ƙaruwa a kan kanta. Aikin wannan roba da zoben waje shi ne su shanye rawar su mayar da ita zafi. In ka cire su, rawar ba ta ɓace ba, tana komawa ne kan metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, da sarƙar tayimin, da famfon mai, da shi kansa karanshaf ɗin.

Na kawo masa hujjar masu sayarwa, cewa an daidaita nauyin injin nan tun daga ciki, ba ya bukatar komai a waje. Ya ce gaskiya ne an daidaita shi, amma daidaita nauyi daban, murɗawa daban, kuma da gangan ake cakuɗa maganganun biyu don a sayar da kaya. Abin da ya ƙara masa ƙima a idona shi ne bai ɓoye ɗaya gefen ba. Ya ce akwai mutane da yawa da suka shekara da irin wannan fuli ba abin da ya same su, kuma gajeren karanshaf irin na V6 bai kai dogon nan na inji mai fistin shida a jere saurin jin jiki ba. Sai dai ni na riga na rage nauyi a baya da na sauya filawil, ina kuma kai motar filin tsere inda allura ke daɗewa a sama. Shi ba zai sa hannu a wannan caca ba.

Batun ƙanƙantar fuli bai ɗauke mu lokaci ba. In ka rage faɗin fulin karanshaf da kashi 20 cikin ɗari, duk abin da fambel ke ja zai rage gudu da kashi 20: altaneta, famfon sitiyari, kwamfiresar sanyi. Ribar 'yar kaɗan ce, sai inji ya yi sama sosai za a gan ta, da ƙyar ƙafa ke jin bambanci. Hasarar kuwa kullum kana tare da ita a cunkoso, fitila na dishi-dishi, batir ba ya cika. Tawa motar ta tsira ta gefe ɗaya, domin famfon ruwanta sarƙar tayimin ce ke jan sa daga ciki. Amma a motocin da fambel ke jan famfon ruwa, ka rage masa gudu a lokacin zafi, ka tsaya a layi, lagireto ne zai ba ka amsa.

Sai muka zo kan rola. Ni launinsu na gani na saya. Shi ko kallon launin bai yi ba, ya kai boris ɗin gaban fitila yana neman suna, babu ko harafi ɗaya a jikinsa. Ya ce rola ba komai ba ce face boris da aka sa wa riga. Ya yi mini lissafi a bayan rasit: in fulin karanshaf milimita 150 ne, rola kuma 75, to duk juyi ɗaya na inji juyi biyu ne a wurinta, inji na 6,500 ita tana 13,000, kuma a cikin zafin da ke gaban inji. Boris mara asali giris ɗinsa zai narke ya bi gefe, ya ƙame, fambel ya tsinke, kuma a lokaci guda ka rasa caji da sauƙin sitiyari kana tsakiyar kwana. Sunayen da yake nema su ne irin su NSK, NTN, Koyo, SKF ko INA. Ya kuma nuna mini abin da ni da kaina na daɗe ina fahimtarsa a baibai: rolar da ka kaɗa da yatsa ta yi ta gudu tana shuu ba mai kyau ba ce, busasshiya ce. Mai lafiya tana ɗan riƙewa saboda giris, ta tsaya da wuri, ba ta da ƙara.

Kada ku ɗauka komai na nan daɗi ne. Sai da na jira kwana goma sha biyu kafin a ba ni ranar kawo mota. Akwai wani layi rawaya a ƙasa wanda ba a yarda mai mota ya tsallake ba saboda dokar inshora, ina leƙen motata ta gilashi kamar mai dubiya a asibiti. Kafin a taɓa noti ɗaya sai ka sa hannu a takarda, kuma awa-awa ake lissafa aiki, har ka ji nauyin yin tambaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓarna. Rolar ƙarfe lafiyayya, boris kawai ya mutu, sai a jefa ta kwandon shara gaba ɗaya. Alhali yawancinsu boris ne na kowa da kowa a ciki, irin 6203 ɗin nan mai rami milimita 17, faɗi 40, kauri 12, wanda cikin minti goma za a fitar a matsa sabo. A wannan lokacin na tuna maigidan da na fara zama a garejinsa ina yaro, Allah ya ƙara masa lafiya. Yakan ɗora bakin dogon sukuddireba a kan notin rola, ya kafa kunne a kan marikin, ya rufe ido, ya gaya maka wace ce ke kuka cikin uku. Ba shi da ko na'ura ɗaya, kuma da wuya ya kuskure. A nan ba wanda zai bar ka ka tsuguna kusa da shi kana miƙa masa sufana kuna hira, kuma wallahi na yi kewar wannan.

Amma dole in faɗa mana gaskiya mu na gida, don hannu muna da shi, awo ne muka raina. Fambel na kuka, sai a goga masa sabulu ko a ɗiga masa man birki, kukan ya tsaya kwana biyu, robar ta lalace. Notin karanshaf ya ƙi kwancewa, sai a tokare sufana da shasi a buga sitata. Fuli ya ƙi shiga, a ɗauko guduma, duk dukan nan kuwa a kan metal ɗin cikin inji yake sauka. In an zo ɗaurewa, ƙarfin dantsen yaron gareji shi ne ma'auni, bayan kowane inji yana da adadin ɗaurin da kamfani ya rubuta, wasu ma notin sau ɗaya ake amfani da shi domin yana miƙewa idan an ɗaure. Fuli bai hau layi ba, a cusa washa biyu a bayansa a ce ya yi. Mu masu mota ma da laifinmu. Wane ne a cikinmu zai haƙura bakanike ya ce masa kayan da ya sayo ba su dace ba? Mun koya musu cewa duk wanda ya musa mana ya rasa ciniki, shi ya sa suke ɗaura duk abin da muka miƙa, in ya lalace a ce ƙaddara.

Daga baya na kawo wa dattijon nan motar da wasu kayan, da ya zo sa fambel, sai da ya ɗora wata 'yar na'ura mai hasken leza a ramukan fuli ɗaya ya haska ɗayan, ya tabbatar suna layi guda. Ya koya mini gwajin da ba ya bukatar na'ura: inji na aiki, ka fesa ruwa kaɗan a gefen haƙoran fambel. In kukan ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, fuli ne ya karkace. In ya ƙaru, ɗauri ne bai kai ba. Lambar da ke jikin fambel ma magana take yi: 6PK na nufin haƙora shida, tazarar kowane biyu milimita 3.56, lambar da ke biye kuma tsawonsa ne. Duk wanda ya sauya girman fuli ya kuma sauya tsawon da yake bukata, in ba haka ba ajasta za ta ƙure. Kuma fambel na zamani da ake yi da robar EPDM ba ya tsattsagewa kamar na da, cinyewa yake yi a hankali, saboda haka wanda ke jiran ya ga tsaga zai daɗe yana yawo da mataccen fambel.

A gefen motata akwai wata da aka kawo mai sufacaja, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, baƙar ƙurar roba ta rufe gaban injin. Mai ita ya sa ƙaramin fuli a kan sufacajar don ta ƙara gudu ta tura iska da yawa. Lissafin daidai ne, amma ƙaramin fuli yana rage wurin da fambel ke kamawa, sai ya riƙa zamewa daidai lokacin da ake neman ƙarfin. Maganin da suke yi shi ne su ƙara rola ta lanƙwasa fambel ya ƙara naɗe fulin, ko su koma fambel mai haƙora takwas maimakon shida, sannan a sake saita mai da wuta, domin ƙarin iska ƙarin zafi ne.

Kayan nan ja na mayar da su ta gidan waya, aka dawo mini da kuɗina ba tare da an tambaye ni dalili sau biyu ba, wannan kam na yaba. Dattijon ya ba ni zaɓi tsakanin sabon fuli na kamfani da waɗanda ake ƙerawa don tsere amma masu shanye rawa, irin na ATI mai zobban roba a ciki, ko na Fluidampr wanda zoben nauyinsa ke iyo cikin ruwan silikon mai kauri. Ya ce in duba tambarin SFI 18.1, shaidar cewa an gwada shi ba zai tarwatse a babban gudu ba, wanda hukumar tsere ta NHRA ke wajabta wa motar da ke cinye rubu'in mil cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka. Tawa ba ta kai nan ba, amma na ɗauki mai tambarin, mai faɗi daidai da na asali, da rola biyu na ƙarfe baƙaƙe masu suna a jikin boris.

Da ya ciro tsohon fulina, robar ta tsattsage, ta fara bullowa ta gefe ɗaya. Ya ce duk mai fuli irin wannan ya ja layi da farin fenti daga cibiya zuwa zoben waje, ranar da layin ya rabu biyu zoben ya fara zamewa ke nan. Na roƙe shi ya yanka mini tsohon biyu kamar nasa, ya yi dariya ya ɗauko zarto. Rabi ɗaya yana kan teburina. Ɗayan na naɗe shi a jarida, ina jiran mai tafiya gida ya kai wa maigidan namu, ya ajiye inda yaran gareji za su riƙa gani.