Gargaɗi ga masu wasan siddabaru: a yi hattara da mai tallan "sababbin dabaru"

'Yan uwa masu sana'ar rufa-ido, akwai wani mai sayar da kayan wasa da ke baza talla a Facebook da Instagram, yana sauya sunan shafinsa duk bayan 'yan makonni. Ni dai ya cuce ni, kuma ba na so ya ƙara da wani.

Bidiyon tallarsa ne ya ja ni: kwabo biyu a tafin hannu, ƙiftawa da bismilla sun koma ɗaya. Sai daga baya na gano bidiyon na wanda ya ƙirƙiro dabarar ne, shi kuwa ya yanke sunan mai shi ya liƙa nasa.

Da kayan suka iso na zazzage su a kan tebur, jikina ya yi sanyi. Duk mai wasa da kwabbai ya san ɓawon kwabo, wanda ake rarake cikinsa don ya hau kan ɗan'uwansa ya zauna daram, shiru. Nasa kuwa rawa yake yi, yana ƙara ƙyas-ƙyas, launinsa ma ya bambanta da na kwabon gaske. Katin Svengali da ya haɗo da shi, wato kartar siddabaru da ake gajarta rabin katinta, ya fi ban takaici. Guda 26 ɗin da ake rage wa tsawo kaɗan, yadda ido ba zai kama ba, an datse su a karkace, wanda ke zaune a layin gaba zai gani ba sai an nuna masa ba. Da irin wannan kayan mutum zai hau dandamali ya zubar da mutuncin da ya yi shekaru yana ginawa.

"Sabon littafin sirri" da ya turo ta imel kuma, ashe littafin wani marubuci ne mai suna Erdnase, na 1902, kan sarrafa kati, wanda ke nan kyauta a intanet. Bango kawai ya canza masa.

Da na yi ƙorafi sai ya fake da ƙa'idar sana'a, wai sirri na saya, kuma sirri ba a mayar da shi. Gaskiya ne dillalai na ƙwarai ma sukan faɗi haka, amma su idan kaya ya zo da aibi sukan musanya. Kuɗin kuma ya sa na tura ta PayPal, ta hanyar aika wa dangi da abokai, wadda ba ta da kariyar mai saye. Da gangan ya zaɓe ta.

Kafin ku biya kowa, ku nemi bidiyon da aka ɗauka a tashi ɗaya ba yanke-yanke, a hannun shi mai sayarwar, kuma ku tambayi sunan wanda ya ƙirƙiro dabarar ku bincika. Wanda ya riga ya biya da katin banki, ya ɗauki hoton tallar da hirarsu yau ɗin nan kafin a goge shafin, sannan ya kai ƙorafi bankinsa tun wa'adi bai wuce ba.